Mudu Goma Tsakaninmu da Pitowa

A shekarar da nake ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, nan Garwa, malaminmu na Faransanci ya taɓa cika allo da kalmomin da ya ce 'yan ɗaki ɗaya ne: prier, supplier, adjurer, sommer, ordonner. Ya ce mu jera su daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, sannan kowa ya kawo irinsu a harshen gidansu. Yawancin ajin Fillanci suka kawo. Ni kuwa na cika shafi guda da Hausa, ina jin daɗi kamar mai jera kwanuka a kabad: roƙo, magiya, haɗawa da Allah, gargaɗi, horo, umarni, alwashi, rantsuwa. Na sami maki mai kyau. Takardar tana nan a ƙasan akwatina, kuma duk ranar da na ci karo da ita sai raina ya ɓaci, domin yarinyar da ta rubuta ta ba ta san komai ba. Kafin shekarar ta fita sai da aka auna mini nauyin kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya a jikin kakata.

Mahaifiyar babana ce. Dada muke ce mata, yadda mutanen garin nan ke kiran tsofaffin iyaye. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana takwara, shi kuma Baba, da ba ya iya faɗin sunan mahaifiyarsa, yake kirana Uwata. Tun da aka yaye ni a ɗakinta nake kwana. Ni nake dama mata kunun gyaɗa da safe, ni nake matsa mata ƙafafu da man kaɗanya idan sun kumbura. Ban taɓa jin ta ba wani umarni ba. Ko buta take so sai ta ce, takwara, in kin ga dama ɗan miƙo mini. Idan na yi nisa a karatu ban ji ba, sai ta juya harshe ta ce useni, wato don Allah da Fillanci, da muryar masu sayar da nono, har sai na yi dariya na tashi.

Baba hatsi yake sayarwa a babbar kasuwa: dawa, masara, masakwa, gyaɗa, buhu a kan buhu har rufi. A kasuwa an san shi da magana ɗaya. Abokansa sukan faɗa a gabansa cewa tun da suke ba su taɓa jin ya yi kaffara ba, shi kuma ya sunkuyar da kai yana shafa gemu. Abin da ba su sani ba, mu ne muke riƙe masa wannan suna. Baba mai saurin rantsuwa ne. Idan ya rantse, aikin gidan gaba ɗaya ya koma yadda za a yi maganarsa ta tabbata. Ya taɓa rantsewa cewa wata akuyarmu ba za ta ƙara kwana a gidansa ba saboda ta ci masa takardu, muka yi ta yawo da ita gidan maƙwabta ana ruwa. Ya taɓa rantsewa babu mai kunna talabijin sai ya dawo daga Marwa, tafiyar kwana biyu ta zama kwana tara, muka zauna muna kallon ƙyallen da aka lulluɓe ta da shi. Inna, mahaifiyata, magana ɗaya take maimaita mana: kada ku ja wa ubanku kaffara. Na tashi ina zaton kaffara wata masifa ce da ke rushe gida.

Abin da ya rushe kuwa bangon ɗakin Dada ne. Ɗakin ƙasa ne, tsoho, damina biyu yana yoyo. Ta faɗa wa Baba sau ɗaya, cikin irin maganarta, cewa in ya sami sarari a duba mata kusurwar gabas. Ya ce to. A watan Agusta, wata ranar da aka wuni ana ruwa, kusurwar ta zube a kan gadonta. Allah ya sa tana tsakar gida a rumfa tana tsince wake.

Washegari Goggo ta zo daga Pitowa da taksi. Ƙanwar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, a can take aure, mijinta yana aiki a wajen gurzar auduga. Ba ta iya ɓoye magana ba. Ta tattara kayan Dada, ta ce za ta tafi da ita har a gyara ɗakin. Da a nan ta tsaya da babu abin da zai faru. Amma a zaure ta tarar da Baba da abokansa uku na kasuwa da suka zo jaje, sai ta ce a gabansu, ashe masara ta fi uwa gata, tun da an yi wa sito sabon kwano bana. Na ga fuskar Baba ta canza. Ya miƙe, ya nuna ta da yatsa.

"Wallahi, tallahi, daga ni har duk mai cin tuwon gidana, babu wanda zai ƙara taka gidanki."

Dada tana cikin taksi a lokacin, gilashi a buɗe. Ta ji. Ta gyara mayafinta kawai. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa gidan da aka rantse a kai shi ne gidan da ake kai ta.

Daga Garwa zuwa Pitowa ba a rabin awa a mota. Mutum zai iya ɗora tukunya ya je ya dawo wake bai nuna ba. Wata bakwai ban ga Dada ba. Ɗakin ma ba a gyara ba, domin Baba ya ce wadda ta ɗauke ta ita za ta dawo da ita da ƙafarta, Goggo kuma ta ce sai ta ga bulo. Muna waya, amma Dada ba ta iya waya ba. Takan riƙe ta nesa da kunne kamar za ta cije ta, ta yi ta tambaya ko ina jin ta, sai kuma ta miƙa wa Goggo. Wata rana ta ce mini muryata tana zuwa amma hannuna ba ya zuwa. Na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska, na fito na ci gaba da karatun bak, jarrabawar da ke gabana.

Da zafi ya kama, ciwon ƙafa ya kwantar da ita gaba ɗaya. Mutane suka fara magana a masallaci. A nan ne wani daga cikin abokan Baba ya kawo dabara: ai gida aka rantse a kai, ba a rantse a kan titi ba. A fito da ita waje a gaisa. Baba ya dawo gida fuskarsa a sake, ya ce mu shirya ranar Juma'a bayan an sauko.

Ba na son tuna wannan rana, amma ita ce ta fi zama mini a ido. Muka tsaya a gindin dalbejiyar da ke ƙofar gidan Goggo, ni da Baba da Inna, kamar baƙin da suka ɓata hanya. Aka fito da Dada a kan katifarta, mutum huɗu, kowa riƙe da kusurwa. Ƙofar ƙarama ce, sai da suka karkata ta. Duk takun da suka yi ina ganin ta ciji leɓe. Ta rame har na kasa gane wuyanta. Aka ajiye ta a ƙasa a bakin titi, manyan motocin auduga suna wucewa, farin kaɗa yana sauka a kan zanenta. Masu moto, wato babur, suka rage gudu suna kallo. Baba ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi jiki, ya ajiye mata ledar lemu. Goggo tana tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ni na riƙe ƙafar Dada, tana da zafi kamar an ciro ta daga toka. Ta dube ni ta ce na yi baƙi, ko lekol ɗin, makarantar tamu, ba a cikin inuwa ake yinsa ba. Ba mu yi minti ashirin ba numfashinta ya fara sama-sama, aka sake ɗaga ta, aka sake karkata ta a ƙofa. A wannan karon ta yi ƙara, sau ɗaya, 'yar siririya.

A hanyar dawowa Baba yana ta hira da direba a kan farashin masakwa. Ya ga mahaifiyarsa, bai kuma karya rantsuwarsa ba. Ina kujerar baya ina kallon ƙeyarsa, kuma a karon farko a rayuwata na ji ba na son kallonta.

Bayan mako uku Goggo ta kira Inna. Ta ce Dada ba ta ɗaguwa yanzu, ko juya ta za a yi sai an yi dabara, kuma ta ba da saƙo. Inna ta miƙo mini wayar. Goggo ta ce ga yadda ta faɗa, ba ta ƙara ba ba ta rage ba: a ce wa takwarata na roƙe ta, in da hali.

In da hali. Tana kwance tana mutuwa, amma sai da ta bar mini ƙofar fita.

Na sami Baba a rumfa bayan la'asar yana shan shayi. Na fara da abin da kowace 'ya ke farawa da shi. Na ce don Allah. Ya ce a bari ta ɗan ji sauƙi a sake fito da ita. Washegari na durƙusa na riƙe ƙafarsa, na yi magiya, na ce don girman Allah, don darajar iyaye, na ce ya dubi maraicin da zan shiga, na faɗi duk abin da na taɓa ji mata suna faɗa a bakin asibiti. Ya janye ƙafarsa a hankali ya ce in tashi, ba ya son wannan. A rana ta uku na faɗi abin da 'ya ba ta faɗa wa uba. Na ce na haɗa shi da Allah. Inna da ke bakin murhu ta saki ludayi.

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye kofin.

"Uwata, na hana ki. Ba shawara nake ba ki ba."

Da sunan da yake kirana saboda kunyar mahaifiyarsa ya hana ni zuwa wurinta. Na daɗe ina juya wannan a raina. Kalmomina uku, da na hau su ɗaya bayan ɗaya kamar matakala, tasa guda ɗaya ta share su, kuma ba don ta fi su gaskiya ba. Shi ne mai gida, shi ke nan.

Akwai wani tsohon malami a unguwarmu wanda a wurinsa na sauke Alƙur'ani. Ranar Asabar na je gaishe da matarsa, na jira har ɗalibai suka watse, na tambaye shi daga bayan labule: mece ce kaffarar rantsuwa? Ya gane inda na dosa. Ya ce rantsuwar da ta tare hanyar zumunci ba a riƙe ta, karya ta ake yi a yi abin da ya fi alheri. Ya ce mai hali ya ciyar da miskinai goma, kowa mudu ɗaya na abin da ake ci a gidan. Kuma idan mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka rantse a kansu ya shiga, rantsuwar ta warware, ta faɗi a kan kowa, babu sauran abin da ya tare ƙofa. Na ce wane irin mudu. Ya sa matarsa ta ɗauko mini na zakkar fid-da-kai, ɗan ƙaramin akushi na itace, bakinsa ya lashe don tsufa. Na riƙe shi a tafin hannuna biyu.

Sai ya ƙara wata magana da ta fi komai ƙona ni. Ya ce ai ya faɗa wa Baba haka sau biyu, tun da damina.

Na fito ina tafiya ban san inda nake sa ƙafa ba. Na san sitonmu. Na san abin da ke zubewa a ƙasa idan ana sauke mota ɗaya, wanda ake sharewa a watsa wa tantabaru. Ya fi mudu goma. Abin da muka yi ta yawo da akuya a cikin ruwa saboda shi ke nan. Abin da aka karkata Dada a ƙofa saboda shi ke nan. Shekara goma sha takwas ina tsoron abin da tantabarun kasuwa ke cinyewa kafin azahar.

Ranar Lahadi kasuwar Pitowa ke ci, motoci ba sa yankewa. Na ce wa Inna zan tafi. Ba ta ce je ki ba, ba ta ce kada ki je ba. Ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar man kaɗanya ta ajiye a kan turmi, ta koma. Na ɗauka. A taksi mu huɗu ne a baya, wata mata ta ɗora mini kwandon kaji a cinya. Dutsen da ke gefen hanya yana rawa cikin zafi. Ni da nake rubuta waƙoƙi a bayan littafin lissafi a kan duwatsu da kogi, ranar ban ga kyan komai ba.

A ƙofar gidan Goggo na tsaya. Abin kunya ne, amma na tsaya. Dokin ƙofar siminti ne da ya tsage, tsayinsa bai kai taƙi ba, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Goggo ta leƙo daga madafa, hannunta duk gari.

"Shigo mana. Ko ke ma kin rantse ne?"

Na shiga. Babu abin da ya faru. Kaza ta gudu daga gabana, shi ke nan.

Ɗakin yana warin magani da turaren wuta. Dada tana kwance ta fuskanci ƙofa. Ta daɗe tana kallona kafin ta gane, sannan ta ce a'a, yau wace rana, 'yar boko ta tuna da ƙauyawa. Ta ce ta ɗauka sai an ɗauke ta an kai titi kamar buhun auduga kafin a gan ta. Na ce ai buhu ya fi ta nauyi yanzu. Ta yi dariya har ta sarƙe, Goggo ta ɗago kanta ta ba ta ruwa. Na zauna a ƙarshen katifa na buɗe kwalbar. Ƙafafun sun kumbura har fatar tana ƙyalli. Na fara daga diddige yadda take so, a hankali, ina hawa zuwa ƙwauri. Ta rufe ido. Ta ce hannun Goggo na masu daka ne, nawa na masu alƙalami, kuma in ba don tsoron Goggo ba da ta faɗi wanda ya fi. Goggo ta ce ai ta riga ta faɗa.

Can ta buɗe ido ta tambaye ni ko shi ya aiko ni. Na so in yi ƙarya. Na ce a'a.

Ta sake rufe ido. Ni kuma abin da ke cina tun a mota ya fito. Akwai kalmar da ban rubuta a takardar lise ba, domin ko rubuta ta ina tsoro. Kowa ya san ta. Idan uwa ta aika wa ɗanta cewa in bai zo ba ba ta yafe masa nonon da ya sha ba, babu ɗan da zai ƙarasa shan ruwan da ke hannunsa. Ta fi rantsuwar Baba, ta fi umarninsa, ta fi duk wata magana ta kasuwa. Na ce Dada ki faɗa. Na ce ba sai har zuciyarki ba, ki faɗa kawai in kai masa, kafin magariba zai zo.

"Takwara, so kike in tsorata shi?"

Na ce e. Na ce shi ma ai tsorata mu yake yi.

"Ni ban haife shi don in ja shi da igiya ba. Ki ce masa ina gaishe shi. Ki ce in ya sami sarari."

Na ji haushinta. Ina matsa ƙafarta ina jin haushinta, Allah ya yafe mini. Irin wannan maganar ta yi a kan kusurwar gabas har bango ya faɗo. Tana da kalma ɗaya da za ta buɗe ƙofar nan, ta zaɓi ta mutu da ita a baki. Na ce mata ba zai sami sarari ba. Ta ce to, ai ta gan ni, kuma in ƙara mai a ƙafar hagu.

Na dawo Garwa rana tana shirin faɗuwa. Ban jira a kai masa labari ba. Na same shi yana alwala, na ce na je Pitowa, na shiga, Dada tana gaishe shi. Na shirya wa mari. Bai mare ni ba. Ya ƙarasa wanke ƙafarsa, ya sa takalmi ya tafi masallaci.

Da safe ya kira ni sito na cikin gida. Ya auna dawa mudu goma da hannunsa, kowane a leda daban, ya ƙulle bakinsu. Ya ce ni na jawo, ni zan raba. Na zuba su a kwando na bi unguwa: gidan makauniyar da ke bayan masallaci, gidan matar da mijinta ya nutse a kogin Binuwai, tsofaffi biyu masu sayar da itace, da sauransu. Ko'ina na miƙa sai a ɗaga hannu. Allah ya saka wa Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, irinsu ne ke riƙe da unguwa. Wata har ta ce in gaya masa ya cika ɗan halak mai tuna na ƙasa. Ina amsa amin, amin, kwandon yana raguwa a kaina, wuyana yana ƙara nauyi.

Amma da na dawo da kwandon wayam sai na ji sanyi a raina. Na ɗauka na yi wani abu. Na ɗauka na ɗauki laifin a kaina na buɗe masa hanya ba tare da sunansa ya ɓaci a kasuwa ba: ba shi ya karya ba, 'yarsa ce mara jin magana. Na same shi zai fita, na ce Baba, malam ya ce yanzu ta warware, babu komai a kan kowa. Ya ce ya sani. Na ce Dada ta ce in ya sami sarari. Ya ce yau yana jiran mota daga Tcholliré, ba zai bar yaran shago da kaya ba. Gobe.

Ranar Talata ni da Inna muka tafi, Inna ta zauna a can. Na dawo saboda lekol, na tambaye shi. Ya ce motar ta makara, sai yau aka sauke. Ranar Laraba ya ce zai je Juma'a, bayan an sauko, ya fi albarka. A ranar ne na gane abin da ya kamata in gane tun da malam ya ce ya faɗa masa sau biyu. Ba rantsuwa ce ta hana shi ba. Rantsuwar inuwa ce ya samu ya fake. Abin da ba zai iya ba shi ne ya sunkuya ya shiga ƙofar ƙanwarsa, ta gan shi ya shigo. Sunan Allah ya ɗauko ya jingina a bakin ƙofar don kada a ce girman kai ne, mu kuma muka yi wata takwas muna gadinsa.

Ban je lekol ranar Alhamis ba. Da sassafe na tafi Pitowa. Dada ba ta magana sosai. Amma duk lokacin da aka ji sallamar namiji a waje sai idonta ya tafi ƙofa. Mai kawo ruwa ya yi sallama, ta duba. Mijin Goggo ya dawo ɗaukar wani abu, ta duba. Wani maƙwabci ya zo tambayar jiki, ta duba. Goggo ta fita ta ce wa mazan gidan don Allah su riƙa shigowa shiru. Na kira Baba sau huɗu, ana ta hayaniyar kasuwa a bayansa, ya ce ga shi nan, bari ya sallami mutum ɗaya. Da hantsi ya ɗaga, ƙafarta tana hannuna, na ji ta daina amsa matsata.

Ya iso kafin azahar. Ina tsakar gida na gan shi ya sunkuyar da kai ya shigo ta ƙofar nan, ba wanda ya tare shi, ƙasa ba ta tsage ba. Ya yi kuka, kuka na gaske. Ban hana shi kukansa ba, kuma ban ji tausayinsa ba. Shi ya kama gaban makara. A ƙofa sai da suka ɗan karkata ta.

Kwana uku ana zaman makoki a gindin dalbejiyar. Daga cikin gida muna jiyo maza. Na ji wani yana cewa Alhaji ya yi haƙuri, ya rabu da mahaifiyarsa lafiya, ai kowa ya shaida ko da tana kwance sai da ya zo har nan ya gaishe ta. Goggo tana kusa da ni tana tsince shinkafa. Ta dube ni, na dube ta. A karon farko tun da na san ta, ba ta ce komai ba.

Kafin damina ta sauka Baba ya sa aka rushe ɗakin Dada aka gina shi da bulo da siminti, aka yi masa sabon kwano da silin. Ya ce in koma ciki, nawa ne. Ban koma ba. Buhunan gyaɗa ne a ciki yanzu.

Na ci bak ɗina. Ranar da sakamako ya fito ya sa aka yanka kaji, ya zauna a rumfa yana ta fara'a, ya ɗebo cinya ya sa mini a kwano. Na ce na ƙoshi. Ya ce wallahi sai kin ci. Ya faɗe ta yadda ya saba, ko ji bai yi ba ta fita. Na ga Inna ta ɗago ido tana roƙona da shi. Cinya ɗaya ce, kuma ina son kaza. Na ture kwanon a hankali, na wanke hannuna, na ce na ƙoshi, Baba.

Ya ce, "Uwata," sai ya tsaya. Na jira sauran maganar, ba ta zo ba.

Washegari da safe ina shara a bakin sito na ji shi a ciki. Bai kira kowa ba. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina jin dawa tana zuba a mudu, tana zuba a leda. Na ƙirga har goma. Duka-duka bai ɗauke shi minti biyar ba.